Kujerun Mata a Majalisa: Maganin Kama-Karya Ne Ko Ƙarin 'Yan Amshin Shata?

Barista Rabi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kullum a nan kukanmu ɗaya ne, dimokuraɗiyya na ƙanƙancewa. Gwamnoni na tururuwa zuwa jam'iyya ɗaya, an dakatar da zaɓaɓɓen gwamna a Ribas a watan Maris na 2025 aka ɗora tsohon hafsan sojan ruwa na wata shida, maƙwabtanmu kuma daga Mali har Nijar soja ne a kan kujera. Amma da zarar an kawo zancen mata a siyasa sai a ce wannan wani babi ne daban, a bari sai ƙasa ta gyaru tukuna. Ni a wurina babin ɗaya ne. Majalisar Dattawa mai kujeru 109 mata huɗu ta samu bayan zaɓen 2023, ta huɗun ma sai da kotu ta ƙwato mata kujerar. Majalisar Wakilai mai kujeru 360, matan ciki ba su kai 20 ba. Alhali kusan rabin masu katin zaɓe a ƙasar nan mata ne. Hanyar da ake bi a fitar da mace daga takara ita ce dai hanyar da ake bi a fitar da duk wanda ba shi da ubangida. Saboda haka ina goyon bayan ƙudirin ware wa mata kujeru, wanda ba ya goyon baya kuma ya kawo hujjarsa mu ji.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Barista. Kafin hujja, kujeru nawa ake son ƙarawa?

Barista Rabi: Yadda Mataimakin Kakakin Majalisa Benjamin Kalu ya fara gabatar da shi, kowace jiha da Abuja za su samu ƙarin sanata mace ɗaya da 'yar majalisar wakilai ɗaya, wato 37 da 37. Sai uku-uku a majalisun jihohi 36, wato 108. Duka 182. Gyaran kundin tsarin mulki ne, sai an samu kashi biyu cikin uku a majalisun tarayya biyu, sannan majalisun jihohi 24 su amince.

Baban Sadiq: To ga hujjata ta fito daga bakinki. Mutum 182, kowa da mota, da alawus, da masu taimaka masa. Shekarar da aka cire tallafin mai ita ce shekarar da 'yan majalisa suka sayo wa kansu manyan motoci, muna kasuwa muna kallo. Yanzu a ƙaro mana wasu? Sannan don Allah wa zai zaɓo matan? Gwamna ne. Matarsa, ƙanwarsa, 'yar amininsa. Matar Rigasa mai tuyar awara ba za ta ga ko ƙofar wurin ba.

Zee Malali: Baba, su mazan da ke ciki yanzu masu faci ne da 'yan acaɓa? Ai su ma gwamnan ne ya zaɓo su. Ba a taɓa cewa a rage kujerun maza don gwamna ke rabawa ba.

Baban Sadiq: Ni da za a rage da na fi kowa murna, 'yata.

Dokta Ya'u: Barista, ina tare da ke a kan cewa adadin abin kunya ne. Inda muka rabu shi ne iƙirarin cewa yawan mata a majalisa yana tare mulkin danniya. Tarihin shekarun nan bai nuna haka kai tsaye ba.

Ƙasar da ta fi kowace yawan mata a majalisa a duniya ita ce Ruwanda, sama da kashi 60 cikin 100. A zaɓen 2024 Paul Kagame kashi 99 da ɗoriya ya samu, kuma manyan masu sukar sa ba a bar su sun tsaya ba. A Bangaladash mace ce, Sheikh Hasina, ta danne 'yan adawa shekara da shekaru har ɗalibai suka kore ta a watan Agustan 2024. A Tanzaniya Samia Suluhu ta shiga zaɓen 2025 babban ɗan adawarta Tundu Lissu na tsare bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Saudiyya ta bai wa mata damar tuƙi a Yunin 2018, amma makonni kaɗan kafin nan ta kama matan da suka yi fafutukar neman damar. Shugabannin kama-karya na zamanin nan sun gane cewa naɗa mace abu ne mai arha da ke wanke su a idon ƙasashen da ke ba su bashi da tallafi. Ya fi sauƙi a kan sakin fursunan siyasa ko barin kotu ta yi aikinta.

Kada ma mu je da nisa. A Adamawa a 2023 kwamishinan zaɓe ya tashi ya ayyana Aishatu Binani a matsayin gwamna ana tsaka da tattara sakamako, abin da doka ba ta ba shi iko ba, sai da hukumar zaɓe ta soke. Da abin ya tsaya, da mun samu mace gwamna ta farko da aka ce an zaɓa, kuma da an yi wa dimokuraɗiyya illa a rana ɗaya.

Barista Rabi: Dokta, ban ce mace waliyyiya ba ce. Mace na iya zalunci kamar kowa. Amma ka juya misalan naka ta ɗaya gefen. A Tunisiya Kais Saied ya rufe majalisa a Yulin 2021, ya naɗa mace firaminista aka yi ta tafi, sai a 2022 ya kawo dokar zaɓen da ta cire sharaɗin daidaita maza da mata a jerin 'yan takara, yawan mata a majalisa ya faɗi warwas. A Turkiyya dare ɗaya a watan Maris na 2021 Erdogan ya fitar da ƙasar daga yarjejeniyar kare mata daga cin zarafi, da sa hannunsa shi kaɗai, bai bi ta majalisa ba. Taliban da suka dawo a 2021 makarantun 'yan mata suka fara rufewa, har malaman ƙasashen Musulmi suka ce wannan ba addini ba ne. Mai son ya gwada ko jama'a za su yi shiru, a kan haƙƙin mata yake fara gwadawa, domin ya san nan ne maza da yawa za su ce ba ruwansu. In ya ga an yi shiru sai ya matsa kan 'yan jarida da alƙalai.

Kuma wa ya cika titunan Khartum a 2019 har Albashir ya faɗi? Wa ya zauna a ƙofar zauren sulhu a 2003 har shugabannin yaƙin Laberiya suka sa hannu? Matan coci da matan masallaci ne tare.

Dokta Ya'u: Matan Khartum da na Laberiya ba kujerar alfarma aka ba su ba. Ƙungiya suka gina a unguwanni da kasuwanni. Wannan shi ne abin da ke tsorata azzalumi, kuma ƙudirin Kalu ba shi zai haifar da shi ba.

Maman Khalifa: Ku 'yan boko kun tafi Ruwanda da Tunisiya, bari ni in dawo da ku Kawo. Na yi shugabar mata ta mazaɓa a wata jam'iyya, ba zan faɗi sunanta ba don duk halinsu ɗaya ne.

A shugabannin jam'iyya na mazaɓa kujerar da aka san ta mace ce ita ce shugabar mata. Aikinki ki tara mata ranar gangami, ki raba atamfar anko, ki tabbatar an yi guɗa lokacin da ɗan takara ya fito daga mota. Ranar zaɓe mu ne a layi tun bayan asuba, da goyo, da masu ciki, da tsofaffi a kan tabarma. Ku duba kowace rumfa a Unguwar Shanu ko Hayin Banki, layin mata ya fi tsawo kuma ya fi haƙuri. Mu tsani ne, da mu ake hawa, in an kai sama a jingine mu a bayan ɗaki sai bayan shekara huɗu.

Amma ranar da za a yanke wa zai yi takara, ba a ofishin jam'iyya ake yi ba. A gidan wani babba ake yi ko a otal, ƙarfe ɗayan dare. Wace matar aure ce za ta fita ƙarfe ɗayan dare? In kin je, gobe sunanki ya zaga gari. In ba ki je ba, da safe a kira ki a ce an yi maslaha, ga wanda aka tsayar, ki je ki faɗa wa matanki.

Akwai wata ƙawata da ta fito kansila. Malamar asibiti ce, rabin yaran unguwar a hannunta aka haife su. Aka ce fom kyauta ne ga mata, ta yi murna. Ba a gaya mata fom shi ne mafi arha a harkar ba. Daliget kowa da farashinsa, ga kuɗin motoci, ga na matasa. Da suka ga duk da haka tana da jama'a, sai aka tono cewa ita 'yar Katsina ce, aure ya kawo ta. Matar da ta aurar da 'ya'ya a Kaduna. A Katsinan kuma in ta je za a ce ai ke ta Kaduna ce yanzu. Daga nan aka turo yara masu sara-suka suka yayyage fastocinta, suka tsaya a ƙofar gidanta suna kiran ta da sunan da ba zan rubuta a nan ba, mijinta na ciki yana ji. Washegari shi da kansa ya ce ta janye. Ban ga laifinsa ba.

Abin da nake so Dokta da Baban Sadiq su lura da shi: a wannan zaɓen akwai wani saurayi malamin firamare da shi ma ya fito, shi ma haka aka yi masa, sai dai shi ba a taɓa mutuncinsa ta wannan fuskar ba. Ba shi da ubangida, ba shi da kuɗin daliget, aka ce an yi maslaha.

Zee Malali: Anti wallahi jikina ya yi sanyi.

Anti Laraba: Maman Khalifa, a Sabon Tasha ma haka take, sai dai a sauya sunan unguwa. Ƙawarki ma ta auna arziki. A Kogi a Nuwamban 2019, bayan zaɓen gwamna, shugabar mata ta jam'iyyar adawa a mazaɓarta, Salome Abuh, a cikin gidanta aka ƙone ta.

Abba Kwamared: Duk wannan bayanin ya nuna abu ɗaya, dimokuraɗiyyar nan ta Turawa ba za ta yi mana ba. Shekara sama da 25 muna zaɓe, me muka tsinta? Ku dubi Traore a Burkina Faso, yaro ne matashi, ya kori Faransa, yana aiki ba surutu. Mace mai neman abin da za ta dafa wa 'ya'yanta ba kujerar majalisa ce damuwarta ba. A ba mu shugaba mai ƙarfi ya gyara ƙasa, kowa zai amfana har matan.

Anti Laraba: Abba ɗana, shekara nawa gare ka a 1996?

Abba Kwamared: Ba a haife ni ba Anti.

Anti Laraba: To mu muna nan. Mun ga shugaba mai ƙarfi. A watan Yunin wannan shekarar aka harbe Kudirat Abiola a cikin motarta a Legas don ta ƙi yin shiru a kan mijinta da ke tsare, kuma haifaffiyar Zariya ce in ba ka sani ba. Chris Anyanwu 'yar jarida ce, kotun soja ta ɗaure ta a 1995 saboda abin da mujallarta ta buga. Shehu Musa 'Yar'aduwa a gidan yarin Abakaliki ya mutu a 1997, janar guda. Lokacin ko a cikin bas in za ka ambaci sunan shugaban ƙasa sai ka waiga.

Kuma ka ce mace ba ruwanta. Idan aka ɗauke namiji wa ake bari da yara da kuɗin haya da zaryar ofishin 'yan sanda? Dadiyata, mai sukar gwamnati a kafofin sada zumunta, a gidansa a Barnawa aka ɗauke shi a watan Agustan 2019, a mulkin farar hula ma, har yau babu labari, akwai mace da yara a bayansa. Yaran da aka kama a zanga-zangar Agustan 2024, da yawansu daga Kano da Kaduna, wata uku suna tsare kafin aka kai su kotu a Abuja suna faɗuwa don yunwa. Abin da ya sa aka sake su shi ne hoton ya fita, jama'a suka yi ca, gwamnati ta ji kunya. A ƙasar da soja ke mulki wa zai ɗauki hoton, wa zai buga?

Abba Kwamared: Amma Anti ke da kanki kin ce a farar hula aka yi waɗannan.

Anti Laraba: Shi ya sa nake tsoro. Halin soja ne ke shigowa cikin babbar riga. Maganinsa ba a kira mai kakin da kansa ba ne.

Dokta Ya'u: Abba, ƙara da wannan. Nijar tana da dokar kason mata tun shekarar 2000, aka ɗaga shi zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe a 2019. Da Janar Tiani ya karɓi mulki a Yulin 2023 majalisar gaba ɗaya ta tafi, a 2025 kuma aka rushe jam'iyyu. Kason mata a majalisar da babu ita ba shi da amfani. Wannan ya taɓa ka, ya kuma taɓa Barista.

Malam Sani Rigasa: Assalamu alaikum. Na ga an yi nisa ba a taɓo inda mutanenmu suka fi tsayawa ba, wato addini, kuma in ba a warware nan ba duk sauran zance ne na zaure.

Hadisin da ke cewa mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace ba za su rabauta ba ingantacce ne, yana cikin Bukhari, daga Abu Bakrata, an faɗe shi lokacin da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra. Ba za mu jefar da shi don mu burge kowa ba. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi a kan babban shugabanci. A alƙalanci ma an yi saɓani, Abu Hanifa ya halatta mata a abin da ba haddi da ƙisasi ba, Ɗabari ya halatta gaba ɗaya. Shi kuwa ɗan majalisa wakili ne mai ba da shawara da sa ido a kan dukiyar jama'a. A Hudaibiyya shawarar Ummu Salama ce ta warware matsalar da ta taso. A ƙasar nan Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajis, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, mahaifinta Shehu kuma ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu cikin jahilci. Ni ban ga hanin mace ta wakilci mazaɓarta ba, in ta kiyaye mutuncinta.

Inda muke ja shi ne idan aka cusa abin da ya shafi gado da aure a cikin kunshin. Abin da ya kashe ƙudirin daidaito na 2016 a Majalisar Dattawa ke nan. Duk wanda ya haɗa kujerar majalisa da rabon gado a takarda ɗaya, ya sani a Arewa duka biyun za su faɗi.

Barista Rabi: Allah ya gafarta Malam, na gode, kuma wannan ƙudirin babu gado babu aure a cikinsa. Na ranar 1 ga Maris 2022 ma babu. Ƙudirorin mata guda biyar ne aka kayar a rana ɗaya, ciki har da wanda zai bai wa mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure, wato daidai matsalar ƙawar Maman Khalifa. Wace aya ce ta hana wannan? Mata suka kwana da kwanaki a ƙofar majalisa, Majalisar Wakilai ta ce za ta sake duba uku daga ciki, har wa'adinta ya ƙare ba a ji komai ba. A watan Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a aiwatar da kashi 35 na naɗe-naɗe ga mata da ke cikin manufar ƙasa tun 2006. Ku ƙirga ministoci ku gani. Gwamnatin da ta saba take hukuncin kotu a kan mata ba za ta ji nauyin take shi a kan filinka ko kan zaɓenka ba.

Roƙona ga Malam, wannan bayanin da ka yi a nan, a ji shi a mumbari. A zaure mutum ɗari ne ke karantawa.

Malam Sani Rigasa: Ana faɗa Barista, sai dai mai ihu ya fi mai bayani samun masu yaɗawa.

Baba Ɗanladi: Yara ku ba tsoho wuri. Ni ɗan PRP ne tun 1978, kuma a gidan 'yan NEPU na tashi a Sabon Garin Zariya. Duk abin da ake faɗa yau a kan kujerar mace, an faɗe shi a kan ƙuri'ar mace. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, namu an ce al'ada da addini ba su yarda ba. Sai a 1976 a zaɓen ƙananan hukumomi aka fara barin su, sannan babban zaɓen 1979. Gambo Sawaba a kan wannan ta sha ɗauri, sau 16 ake lissafawa, ban da dukan 'yan banga. Kuma ku lura, waɗanda suka ɗaure ta su ne dai masu ɗaure talaka namiji a kotun alƙali don ya halarci taron NEPU ba da izinin En'e ba. Ba hukuma biyu ba ce. Malam Aminu Kano ya gane haka, shi ya sa a takararsa ta 1983 mace ya ɗauka mataimakiya, Allah bai nufa ya ga zaɓen ba, ya rasu a watan Afrilu.

Da aka ba mata ƙuri'a sama ba ta faɗo ba. Har marigayi Sheikh Abubakar Gumi yana cikin masu kira ga magidanta su bar matansu su yi rajista. Yau ɗan siyasar da zai ce a karɓe ƙuri'ar mata, jam'iyyarsa ce za ta fara rufe masa baki, don da ita suke ci. Yanzu an sa wa babban asibitin Ƙofar Gayan sunan Gambo, amma 'yan majalisa mata a zauren Lugard, wato majalisar jihar Kaduna mai kujeru 34, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Baban Sadiq: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ai Kaduna ta yi ƙoƙari. Dokta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamna ce tun 2019, an yi kwamishinoni mata da yawa.

Anti Laraba: An yi, kuma ba na raina ƙwazonta, likita ce da ta san aikinta. Amma tunda gaskiya ake faɗa, da yawa daga cikinmu Kiristocin jihar nan mun ga an ba mace kujerar a daidai lokacin da aka karɓe ta daga hannunmu, aka ce mu yi tafi an ci gaba. Wannan shi ne abin da Dokta ke faɗa ɗazu, a gida.

Malam Sani Rigasa: Anti wannan wata muhawarar ce mai tsawo, kuma ita ma 'yar Sanga ce, kudancin jihar.

Anti Laraba: Na sani Malam. Na ajiye ta a nan ne kawai don kada a ce ba a faɗa ba.

Admin: Don Allah a tsaya kan maudu'i. Wancan zancen a ba shi ranarsa.

Dokta Ya'u: Bari in kawo abin da nake ganin ya fi kujeru 182 tasiri. A 2018 Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, karo na farko a Najeriya, mace ce ma ke shugabantar hukumar zaɓen jihar a lokacin. Da kura-kuransa, amma 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi, haka ma a 2021. A Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 255, ko ɗaya bai kuɓuce ba. Kuma ba Kaduna kaɗai ba, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke lashe komai, ko wace jam'iyya ce. Kansila ita ce kujerar da mace irin ƙawar Maman Khalifa za ta iya ci da sanayya, ba da buhun kuɗi ba. In an rufe wannan matakin, daga ina matan da za su cika kujerun Abuja za su fito in ba daga falon gwamna ba? A 2022 fom ɗin sanata a APC miliyan 20 ne, na wakilai miliyan 10, kafin a zo kan daliget. A gyara zaɓen fidda gwani, a karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun gwamnoni, a halatta ɗan takara mai zaman kansa, a hukunta mai turo 'yan banga. Mata za su shigo da ƙafarsu.

Barista Rabi: Waɗanda za su yi wannan gyaran su ne waɗanda daliget ya kai su wurin, Dokta. Shekara nawa za mu jira su yanke reshen da suke kai? Senegal ta yi dokar rabin-da-rabi a jerin 'yan takara a 2010, mata suka haura kashi 40 a majalisa, kuma ita ce ƙasar da shugaba ya ɗage zaɓe a Fabrairun 2024 aka tilasta masa ya yi shi a watan Maris.

Dokta Ya'u: Kotun tsarin mulki ce da matasa a titi suka tilasta wa Macky Sall. Majalisar mai mata kashi 40 ita ce ta amince da ɗage zaɓen, bayan an fitar da 'yan adawa daga zauren da jami'an tsaro.

Zee Malali: Kai Dokta, ba ka barin mutum ya sha ruwa.

Barista Rabi: Ya yi gaskiya a kan ƙuri'ar majalisar. Ni dai abin da na tsaya a kai, ko matar gwamna ce ta fara zama, yarinyar da ke aji uku a Tudun Wada za ta tashi ta ga abu ne da ake yi. Kuma kujerar da za a yi takararta a faɗin jiha tsakanin mata zalla, dole jam'iyya ta nemo wadda za ta iya kawo ƙuri'a, ba wadda za ta iya guɗa ba.

Baban Sadiq: Ni har yanzu ban gamsu da ƙarin kujeru ba. In da gaske ake, a ce cikin sanatoci uku na kowace jiha ɗaya mace ce, ba sai an ƙara ko sisi ba. Ku ga ko akwai sanatan da zai ɗaga hannu.

Maman Khalifa: Babu, Alhaji, shi ya sa aka bi ta ƙari.

Zee, ke da ƙawayenki masu zafi a Facebook, tambaya ɗaya zan yi muku. Cikinku wa ke da katin jam'iyya? Ba katin zaɓe ba, katin jam'iyya na mazaɓa. Daliget daga cikin wannan rajistar ake fitar da su, kuma littafin yana hannun sakataren mazaɓa, wani lokacin a gidansa ma yake ajiye shi. Ranar taron zaɓen shugabannin mazaɓa in mata hamsin masu kati suka zo suka tsaya suka ce sai an ƙirga, maslahar dare ba ta tafiya yadda aka tsara. Na ga an yi, sai da aka ɗage taron aka kira mu ciki.

Zee Malali: Ni ba ni da shi Anti. Ina ake yi, kuma sai an biya?

Maman Khalifa: Ofishin mazaɓarku za ki je da katin zaɓenki da hoto. In sakataren ya ce littafi ya cika ko ba ya kusa, kada ki yi musu da shi, ki dawo da mutum goma ranar da ciyaman ɗin jam'iyya na ƙaramar hukuma yake ofis. Ki yi min magana ta gefe in gaya miki wadda za ta raka ku a Malali.